Wayar hannu ta gyara mana lokaci ne ko ta raba mu da kiyaye shi?

Bakatsine_77:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata magana da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, kuma ina so in ji ta bakin manyanmu da matasanmu na wannan zaure. Tun da wayar hannu ta shigo Najeriya a watan Agusta na 2001, kusan kowa ya zama mai agogo, har wanda bai taɓa ɗaura shi a hannu ba, kuma lokacin da ke fuskar wayar mai faci a bakin titi shi ne ke fuskar wayar gwamna. Duk da haka, a ganina cika alkawarin lokaci bai ƙaru ba, raguwa ma ya yi. A da idan mutum ya ce zai zo bayan la'asar to zai zo, domin ba shi da hanyar da zai sanar da kai cewa ya fasa. Yanzu kuwa sai a yanka maka ƙarfe huɗu, biyar ta yi ka kira a ce maka “ga ni nan a hanya”, alhali mai maganar bai bar gida ba. Tambayata ita ce, shin waya ta ƙara mana sanin lokaci ne, ko kuwa lambobinsa kawai ta koya mana?

Dattijon_Fagge:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka taɓo abin da muka gani da idonmu. Sa'ad da nake saurayi, gidajen da ke da agogon bango a unguwarmu ba su da yawa, kuma ko mai agogon hannu ba ya sakin jiki da nasa sai ya gwada shi da rediyo, domin yawancinsu sai an murɗa su kullum, wani ya yi gudu wani ya yi nawa. Da safe za ka tarar da dattawa sun kewaye akwatin rediyo a zaure, da zarar an buɗe shirin BBC na ƙarfe shida da rabi aka faɗi lokaci agogon Najeriya da Nijar, sai kowa ya zaro ɗan kan agogonsa da farce ya daidaita. 'Yan'uwanmu da ke aikin masaƙa a Kakuri ta Kaduna kuwa jiniya ce ke tashinsu, ita ce kuma ke sallamarsu. Sauran jama'a salla ce ke raba musu yini, sai kuma hantsi da walaha da rana tsaka da la'asar sakaliya, kuma kowa ya san abin da ake nufi da kowanne. Amma ba zan ce mutanen da sun fi na yanzu gaskiya ba. Abubuwan da ke bukatar a ƙidaya musu minti ne ba su da yawa a rayuwarmu ta lokacin, shi ya sa wanda ya zo rabin awa bayan an idar da la'asar ba a ɗauke shi wanda ya makara ba.

MaiGyaranAgogo:
Baba na Fagge ya tuna mini da zamanin da sana'armu ke da daraja. Gyaran agogo na gada a wurin mahaifina, kuma na taso na ga teburinsa cike da Seiko 5 da Orient da Rado, daga baya Casio ya mamaye kasuwa. Idan alhazai suka dawo daga Makka, agogo na cikin tsarabar da ake alfahari da ita, kuma mutum zai yi tattaki daga ƙauye ya zauna a benci yana jira a buɗe masa bayan agogonsa a wanke, a ɗiga masa mai, saboda da shi yake tafiyar da harkokinsa. Yau mafi yawan aikina canjin batir ne da rage tsawon sarƙa ga agogunan lefe. Sau da yawa ana kawo mini agogo in duba in ga ya yi watanni a tsaye, mai shi yana ɗaure da shi bai lura ba, domin idan yana son sanin lokaci aljihu yake kai hannu. Yaran da na koya wa aiki duk sun koma gyaran waya a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, kuma ban ga laifinsu ba, can abincin yake.

Matashiya_BUK:
Ina girmama abin da iyayenmu suka faɗa, amma ban yarda cewa waya ce ta kawo saɓa alkawari ba. Wanda ke cewa yana hanya alhali yana gida, da ma can ba mai cika alkawari ba ne, waya ta ba shi bakin faɗa ne kawai. Ni da ƙararrawar waya nake tashi, da ita nake sanin lokacin lacca, kuma idan malami ya ɗage darasi a rukunin aji muke gani, maimakon mu kashe kuɗin mota mu je mu tarar da aji a rufe.

Injiniyan_Sadarwa:
Ina so in ɗan yi gyara ga maganar Malam Bakatsine cewa tun farko agogon kowa ya zama daidai. Ba haka abin ya fara ba. Wayoyin farko irin su Nokia 3310 da hannu ake sa musu lokaci, kuma duk sa'ad da aka cire batir sai lokacin ya goge. Wanda ya taɓa kai batirinsa wurin mai caji a kasuwa ya san cewa idan ya mayar da shi sai ya nemi wani ya tambaye shi ƙarfe nawa. Daidaituwar da muke gani yanzu ta zo ne bayan da wayoyi suka fara karɓar lokaci da kansu daga turakun sadarwa ko daga intanet. Su kuma waɗannan suna ɗauko nasu ne daga agogunan da ke aiki da ƙwayar zarra, irin waɗanda ke ɗakunan bincike da cikin taurarin ɗan'adam na GPS. Tun 1967 aka yi ittifaƙi a duniya cewa sakan ɗaya shi ne tsawon lokacin da hasken da ke fita daga ƙwayar zarrar sinadarin siziyam ke kaɗawa sau 9,192,631,770. Ma'ana, mai shayin da ya duba wayarsa a Sabon Gari yana karanta lokacin da babu wani sarki ko attajiri da ya mallaki irinsa shekaru ɗari da suka wuce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da kuwa bai gyara halin kowa ba.

Ladanin_Unguwa:
Ni ta fuskar salla zan yi magana, domin nan ne na fi ganin canjin. Malamin da ya koya mini ladanci, Allah ya jiƙansa, yana da sanda kafe a farfajiyar masallaci. Yakan duba inuwarta tana raguwa har ta tsaya, idan ta fara ƙaruwa ta gabas ya san rana ta yi zawali, azahar ta shiga. La'asar kuwa sai inuwa ta kai tsawon abin da ya yi ta, bayan an cire inuwar da ta rage a lokacin zawali. Idan ba sanda, sai ya tsaya ya auna inuwarsa da tafin ƙafa, domin tsayin mutum tafin ƙafarsa bakwai ne kamar yadda yake a littattafanmu na fiƙihu. Da asuba yakan fita da mu bayan gari ya nuna mana hasken farko da ke miƙewa sama sannan ya ɓace, da na biyu da ke bazuwa a gefen sama, ya ce wannan na biyun shi ne alfijir na gaskiya.

Yanzu a masallacinmu akwai agogon lantarki mai nuna lokutan salla biyar, kuma kowane mamu yana da manhaja a wayarsa. Idan na kira magariba da azumi na saɓa wa wayar wani da minti biyu, kafin in sauke lasifika an zo ana nuna mini fuskar waya. Ba na ƙin manhaja, ni ma ina amfani da ita, musamman da damina idan hadari ya rufe rana ko da hunturu idan hazo ya yi yawa. Abin da ke damuna shi ne, a cikin matasan da ke tsayawa sahun farko da wuya ka sami wanda zai iya fita waje ya dubi sama ya ce lokaci ya yi, kuma wannan ilimi ne da idan ya tafi da masu shi ba manhajar da za ta dawo da shi.

Uwargidan_Zariya:
Allah ya gafarta Malam, maganarka ta zo daidai da abin da ke faruwa a gidana. Wayata da ta maigida kowacce da lokacin da take kiran asuba, akwai tazarar mintoci tsakaninsu, ta ɗiyata kuma la'asar ɗinta sai kusan awa ɗaya bayan tamu. Da azumi wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne ga mai raba sahur. Tunda an ce duk wayoyi daga wuri ɗaya suke karɓar lokaci, me ya kawo wannan saɓani?

Ɗalibin_Falaki:
Hajiya, agogon wayoyinku ɗaya ne, lissafin manhajojin ne ya bambanta. Manhaja ba ta ganin alfijir, tana lissafa nisan da rana ta yi ƙasa da gefen sama ne, kuma hukumomi ba su haɗu a kan adadi ɗaya ba. Tsarin ƙungiyar Musulmin duniya ta Rabiɗa yana ɗaukar digiri 18 don asuba, na Ummul Ƙura da ake bi a Saudiyya 18.5, na Masar kuma 19.5. A yankinmu bambancin digiri ɗaya da rabi yana kai minti 6 zuwa 7, kuma da alama shi kike ji tsakanin wayarki da ta maigida. Tsarin Ummul Ƙura ma ba ya lissafa lisha da digiri, minti 90 yake ƙarawa bayan magariba, da azumi kuma 120. Ita kuwa wayar ɗiyarki an bar ta ne a kan mazhabar Hanafiyya, inda la'asar ba ta shiga sai inuwa ta ninka tsawon abu sau biyu, kuma a nan hakan yana jinkirta ta da kusan awa guda. A shiga saiti a mayar da ita kan ra'ayin sauran mazhabobi. Sannan a tabbata manhajar ta san garin da ake, domin wadda aka bari a kan Legas ko Abuja ba za ta ba Zariya lokacinta ba. Shawarata ita ce gida ya bi masallacin unguwa, a daidaita wayoyi da shi.

Ɗan_Damagaram:
Batun gari da Ɗalibin Falaki ya kawo yana da muhimmanci ƙwarai a wurinmu a Nijar. Ƙasar duka agogo ɗaya take bi, amma tsakanin Diffa da Yamai akwai kimanin digiri 10 daga gabas zuwa yamma, kowane digiri kuma minti 4 ne, don haka mutanen Diffa suna shan ruwa kusan minti 40 kafin na Yamai. Haka yake a Najeriya, Maiduguri tana riga Sakkwato da kimanin rabin awa. Kakanninmu ba su taɓa rikicewa da wannan ba, domin kowa ranar garinsa yake kallo. Yanzu da azumi sai ka ga an ɗauko jadawalin wani gari an watsa a rukunin WhatsApp na dangi ba tare da an rubuta sunan garin ba, wanda ke yamma ya ɗauka nasa ne. Ina roƙon duk mai tura irin wannan jadawali ya riƙa duba na wane gari ne.

Bakatsine_77:
Na ƙaru da waɗannan bayanai, Allah ya saka da alheri. Sai dai ina so mu ɗan dawo kan batun alkawari. 'Yar'uwa Matashiya ta ce hali ne ba waya ba, ni kuma ina ganin kayan aiki yana sauya hali. Idan saɓa lokaci ba ya jawo wa mutum komai illa ya danna waya ya ce a yi haƙuri, to a hankali nauyin alkawarin zai ragu a zuciyarsa ko da shi mutumin kirki ne. Akwai wanda ya ga wani abu da zai tabbatar da wannan ko ya rushe shi?

Bazamfare_Gusau:
Malam Bakatsine, mu an gwada mana wannan a aikace. A farkon watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya abin ya shafi wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Wayoyinmu suna hannunmu, agogonsu yana tafiya daidai, amma ba kira ba saƙo. Wanda ke da bukata ta dole sai ya shiga mota zuwa Funtuwa ya yi waya ya dawo. Abin da na lura da shi a waɗancan makonni shi ne yadda maganar mutane ta canza. Idan za ku rabu da abokin ciniki sai kun tsaya kun ƙulle magana sosai: gobe, a shagon wane, bayan an idar da azahar, idan ban zo ba har la'asar ka bar mini saƙo wurin mai shago. Kuma mutane suna zuwa. Na ga wanda na sani da makara yana zaune a benci tun kafin lokaci, saboda ya san idan ya saɓa babu yadda za a yi a same shi sai wata rana. Don haka ina tare da kai a kan cewa sauƙin kira yana sassauta alkawari. Amma ba zan so a maimaita mana wancan hali ba ko na kwana ɗaya, domin na ga waɗanda aka yi wa rasuwa ba su ji ba sai bayan an yi jana'iza, na kuma ga marar lafiya da aka rasa yadda za a kira masa mota da dare.

Alhajin_Kwari:
Ni ina ganin ana haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Bahaushe bai taɓa zama marar kiyaye lokaci a komai ba, yana zaɓar abin da zai kiyaye wa lokaci ne. A Kano idan katin ɗaurin aure ya ce ƙarfe 11 na safe, wanda ya iso 11 da minti goma sau da yawa sai dai ya tarar ana gaisawa an shafa fatiha. Sallar Idi da ta Juma'a ba sa jiran kowa, jana'iza ma haka. Amma walimar dare ta wannan auren da aka ɗaura a kan lokaci, wadda aka rubuta ƙarfe 7, ba za a fara ta ba sai 9 ta wuce, kuma masu zuwa duk waya ɗaya ce a aljihunsu da safe da daren. Jirgin ƙasa na Kaduna zuwa Abuja da aka buɗe a 2016 ya ƙara nuna mini haka, domin za ka ga mutumin da ba ya zuwa taron unguwa a kan lokaci ya isa tashar Rigasa tun da sauran lokaci. Inda aka san ba za a jira ka ba, kana zuwa.

Matashiya_BUK:
Alhaji ya faɗi abin da nake nufi fiye da yadda na faɗa. Idan masu taro suka fara a lokacin da suka rubuta, ko da mutum biyar ne a wurin, a taro na gaba za a ga bambanci.

Nas_Hadiza_Asibiti:
Ina so in kawo wani ɓangare da ba a taɓo ba. A aikin jinya akwai lokacin da ba ya karɓar “bayan la'asar”. Idan likita ya ce a sha magani duk bayan awa 8, a da sai mu ce wa marar lafiya da asuba, da azahar, da lisha, domin shi ne abin da zai iya riƙewa, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba daidai take ba. Yanzu nakan karɓi ƙaramar wayar tsohuwa, irin mai tocila, in sa mata ƙararrawa uku da hannuna, in ce mata duk sa'ad da ta yi kuka ki sha. Masu ciwon suga da masu shan maganin tarin fuka na tsawon watanni sun amfana da wannan sosai. Haka batun rigakafin yara, wanda ake dawowa a mako na 6 da na 10 da na 14, sannan a wata na 9. Uwar da ba ta iya karanta kati ba, idan aka sa mata tunatarwa a waya ko aka kira ta, tana zuwa. Saboda haka idan ana lissafin abin da waya ta rage mana, a sa wannan a ɗaya gefen ma'aunin.

Direba_Zangon_Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Mu nan agogon GMT muke bi, awa ɗaya muke bayan Najeriya da Nijar. Ina jan babbar mota tsakanin Kumasi da Legas, wani lokaci har Yamai. Togo da Burkina Faso lokacinsu ɗaya da namu, Benin da Nijar kuma suna gaba da awa guda. A da idan na tsallaka iyaka ni nake gyara agogona, idan na manta kuma in yi ta lissafi da lokacin da ba shi ba ne. Yanzu da zarar waya ta kama sabis na ƙasar da na shiga sai ta gyara kanta. Matsalar tana ga wanda ya kwana a bakin iyakar Togo da Benin, domin waya takan kama wannan ɓangare ta saki ta kama wancan, ƙararrawar asuba ta tashe ka awa ɗaya kafin lokaci ko bayansa. Shi ya sa idan zan kwana a iyaka nake kashe saitin da ke sauya lokaci da kansa. Kuma idan malamanmu na Kano suka sanar da karatu kai tsaye a Facebook, muna roƙo a riƙa cewa agogon ina ne, domin mu ma muna saurare.

Ɗan_Mai_Wurno:
Ɗan'uwa na Kumasi, mu a Sudan gwamnati ce ma ta matsar mana da agogon gaba ɗaya. A shekarar 2000 aka tura shi gaba da awa ɗaya, muka zama daidai da Makka, aka zauna a haka har ranar 1 ga Nuwamba 2017 da aka mayar da shi baya. A kwanakin farko na mayarwar wasu wayoyi sun gyara kansu wasu ba su gyara ba, sai ka tambayi mutum biyu lokaci ka sami amsa biyu. Tsofaffinmu ko a jikinsu, domin su da ma ba su taɓa barin lissafi da salla ba.

Ɗalibin_Tarihi:
Abin da ɗan'uwa na Sudan ya faɗa yana tuna mana cewa ƙarfe kaza yarjejeniya ce ta mutane, ba halitta ba ce kamar fitowar rana. A Ingila ma kowane gari da lokacinsa yake har sai da jiragen ƙasa suka tilasta a haɗe, kuma sai a 1884 aka yi taro a Washington aka amince a riƙa auna lokacin duniya daga Greenwich da ke Landan. Layin dogo ya iso Kano a 1911, lokacin da Najeriya ke bi yanzu kuma an tsayar da shi ne a 1919. Saboda haka waya ba ita ta kawo mana lokacin ƙarfe ba. Jirgi da makaranta da ofis da rediyo ne suka fara, ita kuma ta kai shi inda duk waɗannan ba su kai ba, wato ɗakin tsohuwa da rugar makiyayi.

Manomin_Funtuwa:
Ana ta maganar awa da minti, amma mu manoma lokacinmu na shekara ne. Mahaifina da taurari yake lissafin damina. Taurari 28 ne a shekara, kowanne kwana 13, sai Jabaha mai kwana 14, ka ga sun cika 365. Yakan ce yanzu muna cikin Zira'a, ko Nasara ta shiga, ko Ɗarfa, kuma ya san irin ruwan da ake sa rai a kowanne da abin da ya kamata a ce an gama a gona. Ni yanzu hasashen yanayi nake dubawa a waya, kuma yana taimakona wajen sanin ranar da zan zuba taki kada ruwa ya wanke shi. Sai dai waya tana gaya mini abin da zai faru jibi ne, shi kuwa lissafin mahaifina yana gaya masa inda yake a cikin daminar gaba ɗayanta. Ranakun mako ma da kasuwanni muke riƙe su, kowa ya san Alhamis ta Maigatari ce, Juma'a ta Wudil, Lahadi ta Mai'aduwa, kuma wannan waya ba ta taɓa shi ba.

Ɗan_Mai_Wurno:
Malam Manomi, wannan lissafi yana nan da ransa a wurin manoman Sudan, sunayen ma kusan ɗaya ne, kuma har a Facebook ake sanar da shigar kowane tauraro da damina. Ka ga a nan waya taimaka masa ta yi.

Malama_Islamiyya:
Akwai wani canji da nake gani a wurin ɗalibaina wanda ya fi damuna a kan batun minti. A lissafinmu na Musulunci rana tana farawa ne daga faɗuwar rana, shi ya sa daren Juma'a shi ne daren da ke biyo bayan yinin Alhamis. Waya kuwa sai ƙarfe 12 na dare take juya kwanan wata. Yanzu idan na ce wa yara a yawaita salati a daren Juma'a, da yawansu sai bayan magaribar ranar Juma'a suke yi, lokacin da daren Asabar ya riga ya shiga. Haka ake samun ruɗani wajen lissafin dararen goman ƙarshe na azumi. Sannan kwanan watan Hijira da yawancin wayoyi ke nunawa na kalandar Ummul Ƙura ne, wadda aka lissafa tun kafin watan ya tsaya, alhali mu a Najeriya sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi muke jira bayan kwamitin duban wata ya tantance. Shi ya sa wani lokaci waya takan riga mu da kwana ɗaya, yaro ya zo yana jayayya da kakarsa a kan yau nawa ga wata.

Ladanin_Unguwa:
Malama ta yi gaskiya. Mafi yawan manhajojin suna da wurin da ake ƙara kwana ɗaya ko a rage, sai dai kowane sabon wata sai an sake dubawa, kuma mutane ba sa yi.

Tsohon_MaiWayarKuɗi:
Ni na yi sana'ar wayar kuɗi a ƙarƙashin lema a farkon zuwan GSM, kuma ina ganin a nan ne talaka ya fara sanin tsawon minti ɗaya a jikinsa. A lokacin kira yana kan naira 50 a minti, kuma ko sakan ɗaya ka haura sai ka biya kuɗin minti cikakke. Za ka ga dattijon da gaisuwarsa kaɗai takan ɗauki lokaci mai tsawo yana magana idonsa a kan fuskar waya, yana kaiwa sakan 58 ya katse. Da Glo ya shigo a 2003 da lissafin sakan-sakan, sai aka koma ƙidayar abin da ya fi minti ƙanƙanta. Bayan haka aka kawo kiran dare na kyauta daga bayan tsakar dare zuwa gab da asuba, kuma a ganina tun daga nan barcin matasa ya lalace bai sake gyaruwa ba. Kiran daren ya wuce, data mai araha ta dare ta maye gurbinsa. Mutum yana riƙe da agogo mafi daidaito a hannunsa, lokaci yana rubuce a saman abin da yake kallo, amma sai kiran assalatu ya sanar da shi cewa dare ya ƙare.

Uwargidan_Zariya:
Wannan haka yake, kuma iyaye mata mu muka fi sanin zafinsa, domin mu ke fama da tashin yaro da safe. Na gode wa Ɗalibin Falaki, mun gyara wayar ɗiyata, la'asar ɗinta ta dawo daidai da ta masallaci.

Malamin_Firamare_Haɗeja:
A aji ina ganin wani abu makamancin abin da Ladan ya koka da shi. Yara da yawa ba sa iya karanta agogo mai hannaye, sai mai lambobi. Idan na zana agogo a allo na ce ƙarfe nawa, sai su yi shiru, amma idan na rubuta 9:45 kowa zai ɗaga hannu. Illar ita ce, mai kallon hannayen agogo yana ganin abin da ya rage masa kafin goma da idonsa, mai kallon lambobi kuwa sai ya yi lissafi, kuma a ɗakin jarrabawa inda ba a shiga da waya, agogon bango ne kaɗai abin dubawa. A wani gefen kuma, waya ta sa yaran yanzu sun san ranar haihuwarsu. Iyayenmu da abubuwan da suka faru suke lissafi, a ce an haife shi shekarar rasuwar Sardauna, wato 1966, ko shekarar canjin hannu ta 1972, ko ta canjin kuɗi ta 1973. Da aka wajabta haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa daga ƙarshen 2020, dattawa da yawa a lokacin suka sami ranar haihuwa a rubuce, shi ya sa 1 ga Janairu ta yi yawa a katunansu.

Alhajin_Kwari:
Ina da tambaya ga ɗan'uwa Bazamfare, domin labarinsa ne ya fi kusa da abin da Malam Bakatsine ya tambaya. Da aka dawo muku da sabis, wannan ƙulle magana da zuwa a kan lokaci ya ɗore, ko kuwa an koma gidan jiya?

Bazamfare_Gusau:
Alhaji, a tsakanin abokai da 'yan'uwa bai ɗore ba, cikin 'yan kwanaki aka koma “idan ka iso ka kira ni”. A harkar kasuwa ne na ga saura. Akwai dillalan hatsi da muke hulɗa da su daga ƙauyukan da har yanzu sabis ɗinsu ba ya tsayawa, kuma da su muna nan a kan tsarin da muka koya, ana faɗin rana da wuri da sallar da za a haɗu bayanta, ko da an yi waya ko ba a yi ba. Ina so in ji daga waɗanda ke kasuwanci da mutanen karkara a wasu jihohi ko su ma haka suke yi, musamman masu sayen dabbobi da ke bin kasuwannin mako.